Me Ya Sa Masu Rubuta Manhaja Suke Dariyar Wahalar Aikinsu?

Tambaya: Maigidana yana aikin rubuta manhajar kwamfuta, galibi daga gida. Sau da yawa nakan gan shi yana dariya shi kaɗai a kan hotunan barkwanci da abokan aikinsa ke tura masa, idan kuma ya fassara mini sai in ji duk maganar rashin barci ce, da aikin da ba ya ƙarewa, da tsoron ranar Juma'a. Wani lokaci yakan zaunar da ni yana yi mini bayanin abin da ban fahimta ba, kafin ya kai ƙarshe sai ya miƙe ya ce ya gano, ya koma kan kwamfutarsa. Shin wasa ne kawai irin na abokai, ko akwai abin da ya kamata ya dame ni?

Amsa: 'Yar'uwa, na ji daɗi da wannan tambaya ta fito daga bakin wadda take zaune gida ɗaya da mai sana'ar, domin iyali sukan riga abokan aiki ganin abin da aikin yake yi wa mutum. Na daɗe ina rubuta manhaja, na kuma jagoranci masu rubuta ta, don haka barkwancin da kika ambata ba baƙo ba ne a wurina. Wasa ne, babu shakka, sai dai kusan kowane ɗaya daga cikinsu wata matsala ce ta gaske ta haife shi, kuma masu sana'ar suna dariya ne saboda kowannensu ya taɓa ɗanɗana ta. Dariyar kanta ba abin tsoro ba ce. Abin da za ki sa wa ido shi ne ko wahalar da ake yi wa dariyar tana zuwa ne jefi-jefi ta wuce, ko kuwa ta zama ita ce rayuwarsa ta kullum har ya fara ɗaukarta a matsayin abin da dole a haƙura da shi. Kafin ki iya rabe waɗannan biyun, sai kin san abin da ke ƙarƙashin kowace magana.

Kwamfuta tana aikata abin da aka rubuta mata ne daidai yadda aka rubuta, ko da marubucin wani abu dabam yake nufi, kuma harafi ɗaya da ya kauce a cikin layuka dubu ɗari ya isa ya tsayar da komai. Mutane suna zaton aikin shi ne zama a yi ta rubutu, alhali babban kaso na lokacin yana tafiya ne wajen karanta abin da wasu suka rubuta da kuma neman inda kuskure ya ɓuya. Wannan takaici tare aka haife shi da sana'ar. Maurice Wilkes, wanda ya jagoranci gina kwamfutar EDSAC a Jami'ar Cambridge da ke Ingila, ya ba da labarin cewa a 1949, yana cikin kai-kawo a kan matakala tsakanin ɗakin na'urar da inda ake huda takardun umarni, ya fahimci cewa wani babban yanki na sauran rayuwarsa zai ƙare ne wajen neman kurakurai a cikin manhajojin da shi da kansa ya rubuta. Gajiyar neman kuskure daban take da sauran gajiya, domin mai yin sa bai san yaushe zai gama ba, yana iya zama minti goma, yana iya zama kwana uku, kuma a tsakanin nan babu wani abin da zai nuna wa shugabansa ya ce ga inda na kai. Shi ya sa ƙwaƙwalwa ba ta sakin matsalar ko an rufe kwamfuta, sai ki ga mutum yana cin abinci amma hankalinsa ba ya wurin.

Bari in ba ki misali na kusa. A wani wuri da na yi aiki an gina shafin rajista, aka gwada shi da sunaye irin su Musa, Binta da Amina, komai ya tafi daidai. Ranar da aka buɗe shi ga jama'a sai ƙorafi ya fara shigowa: wasu mutane sukan cika fom, su danna maɓallin aikawa, sai allon ya yi fari fat. Ba kowa abin yake shafa ba, kuma duk sanda matashin da ke kula da shafin ya gwada a tasa kwamfutar sai ya ga lafiya lau. An zargi raunin intanet, an zargi tsofaffin wayoyi, har an zargi masu ƙorafin da rashin iya cika fom. Sai da wani ya jera sunayen waɗanda abin ya shafa a kan takarda sannan asiri ya tonu: Mu'azu, Sa'adatu, Rabi'u, Ja'afar. 'Yar alamar nan da ke tsakiyar sunayensu ita ce alamar da harshen rumbun bayanai, wato ma'ajiyar da shafin yake adana bayanan mutane, yake ɗauka a matsayin ƙarshen magana, saboda haka na'urar takan karanta "Mu" ta ɗauka sunan ya ƙare, ragowar kuma ta rasa yadda za ta yi da shi. Gyaran bai wuce ɗan layi ba, amma nemansa ya cinye yini da dare. Irin wannan ne ma ke faruwa da haruffanmu masu lanƙwasa, inda sunan Ɗanladi ko Ƙasimu yake fitowa da alamar tambaya a gurbin harafin farko saboda ba a saita rumbun ya karɓe su ba.

Daga nan ne shahararriyar maganar nan ta fito, "ai a kwamfutata yana aiki". Mai faɗar ta yawanci gaskiya yake faɗa, kuma abin dariyar shi ne gaskiyar tasa ba ta amfani kowa da komai ba, tunda ba kwamfutarsa za a kai wa masu amfani ba. Manhaja ba ta aiki ita kaɗai, tana dogara ne da saiti da wasu ƙananan manhajoji da ke kan na'urar, kuma ɗan bambanci tsakanin na'ura da na'ura yana iya sauya sakamako gaba ɗaya. A ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya sabunta manhajarsa a kan manyan kwamfutoci takwas, amma ma'aikacin da ya yi aikin ya tsallake ɗaya. Bakwai suka yi aiki da sabon umarni, ta takwas ta tayar da wani tsohon umarni da aka daina amfani da shi tun shekaru, ta shiga saye da sayarwa ba ƙaƙƙautawa, kuma cikin minti 45 kamfanin ya yi asarar kimanin dala miliyan 440. Hukumar da ke sa ido kan kasuwar hannun jari ta Amurka ta gano cewa babu wata rubutacciyar ƙa'ida da ta wajabta mutum na biyu ya duba irin wannan aiki. Wannan batu na mutum na biyu ki riƙe shi, domin shi ne ya fi shafar maigidanki.

Maganar aikin da ba ya ƙarewa ita ce ta fi kowacce zurfi. Akwai wani barkwanci da ake jingina wa Tom Cargill na cibiyar bincike ta Bell Labs, wanda Jon Bentley ya yaɗa a 1985: kashi 90 na farko na aikin yakan cinye kashi 90 na lokacin da aka ware, sauran kashi 10 kuma ya cinye wani kashi 90 ɗin. Idan aka haɗa sai a sami kashi 180, kuma nan ne abin dariyar yake, amma duk wanda ya taɓa miƙa aiki ya san lissafin bai yi nisa da gaskiya ba. Kashin farko shi ne hanyar da komai ke tafiya daidai: mutum ya shiga, ya zaɓi kaya, ya biya, aka ba shi rasit. Wannan ana iya gina shi da sauri a nuna wa mai ba da aiki, shi kuma ya ga kamar an gama. Kashin ƙarshe shi ne duk abin da zai iya karkacewa. Me zai faru idan intanet ya yanke bayan an cire kuɗi amma kafin a rubuta cewa an biya? Idan mutum ya danna maɓallin biya sau biyu saboda ya ga shiru fa? Idan mutum biyu suka sayi kaya na ƙarshe a daƙiƙa ɗaya, wa za a ba? Kowace tambaya a cikin waɗannan aikin kwanaki ce, kuma ba a ganin sakamakonta a kan allo. Har lissafin kuɗi yana da nasa tarkon, domin a yawancin harsunan kwamfuta idan aka haɗa 0.1 da 0.2 ba 0.3 cif ake samu ba, akwai ɗan ɓurɓushi a can ƙarshe, shi ya sa masu hankali suke ajiye kuɗi da kwabo maimakon naira don kada asusu ya ƙi daidaita.

A kan wannan kuma sai a ɗora halin ɗan Adam. Ana tambayar ma'aikaci ya kimanta tsawon lokacin da aiki zai ɗauka tun kafin a san cikakken abin da ake so, ya ce wataƙila mako uku, kafin gari ya waye kimantawar ta zama alkawari an sanar da kwastoma. Daga baya mai ba da aiki ya dawo da abin da yake kira ɗan ƙaramin gyara, wanda a ido ƙarami ne amma yana taɓa harsashin ginin manhajar, wa'adi kuma yana nan inda yake. Idan lokaci ya ƙure, abin da manaja yakan fara tunani shi ne a ƙaro ma'aikata. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani gagarumin aikin manhaja a kamfanin IBM a shekarun 1960, ya rubuta a 1975 cewa ƙara mutane a aikin manhajar da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi, ya kuma ce ciki wata tara yake ɗauka ko mata nawa aka ɗora wa aikin. Dalilinsa a fili yake. Sababbin zuwa sai an koya musu, masu koyarwar kuma su ne waɗanda aikin ya riga ya danne, sannan yawan hanyoyin tuntuɓa yana haɓaka da sauri fiye da yawan mutane: tsakanin mutum 5 akwai hanyoyi 10, tsakanin 10 akwai 45, tsakanin 20 akwai 190. Shekaru kimanin hamsin ke nan da faɗar wannan, har yau ana maimaita kuskuren, kuma a ganina babban kaso na rashin barcin masu rubuta manhaja daga nan yake fitowa, daga wa'adin da wanda bai san aikin ba ya yanka, ba daga wuyar aikin kansa ba.

Tsoron Juma'a ba shi da alaƙa da darajar ranar a addini. Ma'anarsa ita ce kada a saki sabon gyara ga jama'a a yammacin ranar aiki ta ƙarshe a mako, domin idan ya ɓaci, Asabar da Lahadi sun tafi, waɗanda za su taimaka kuma sun watse. An sake tuna wannan barkwanci a ranar Juma'a 19 ga Yuli 2024, lokacin da wata sabuntawa mai kuskure daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ta durƙusar da na'urori masu amfani da Windows kimanin miliyan 8.5 bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka shiga ruɗani, ma'aikata da yawa suka ƙare hutun ƙarshen mako suna bin na'urori ɗaya bayan ɗaya suna gyarawa da hannu. Laifin ba na ranar ba ne, an saki gyaran ne ga kowa a lokaci ɗaya maimakon a fara da kaɗan a gani. Wurin da yake da gwaji mai kyau da hanyar janye gyara cikin sauri ba ya jin tsoron kowace rana, don haka idan tsoron Juma'a ya yi ƙarfi a wani kamfani, alama ce ta cewa ba su amince da tsarinsu ba.

Labarin da na fi son matasa su sani shi ne na kamfanin GitLab, inda masu rubuta manhaja suke adana ayyukansu a intanet. A daren 31 ga Janairu 2017, wani injiniyansu da ya daɗe yana fama da wata matsala, wanda ma ya riga ya ce dare ya yi yana son ya tashi, ya yi niyyar goge bayanai a rumbun ajiya na biyu, sai ya ba da umarnin a kan babban rumbun da jama'a ke amfani da shi. Cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ya farga ya tsayar, amma daga cikin kusan gigabait 300 abin da ya rage bai wuce 4.5 ba. Da aka juya ga kwafin ajiya sai aka tarar hanyoyi biyar da aka tanada babu wadda take aiki yadda ya kamata. Abin da ya cece su shi ne wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan, bayanan waɗannan awoyi shida kuwa sun tafi. Kamfanin bai ɓoye ba, ya nuna aikin farfaɗowar kai tsaye a YouTube, ya kuma wallafa cikakken bayani yana ɗora laifin a kan tsarin da ya bar gajiyayyen mutum shi kaɗai da ikon goge komai. Masu sana'a a faɗin duniya sun yi barkwanci a kan lamarin, amma barkwanci ne mai cike da tausayi, domin kowa ya san da shi ne a kan kujerar a wannan sa'a, yatsansa ma zai iya zamewa.

Batun zaunar da ke da yake yi, ki kwantar da hankalinki, wannan dabara ce sananniya. Wasu suna ajiye 'yar agwagwar roba ta wasan yara a kan tebur su riƙa yi mata bayanin aikinsu layi bayan layi, har abin ya zama abin raha a sana'ar. Hikimar ita ce, wanda yake karanta rubutunsa a zuci yakan tsallake wuraren da yake ganin ya riga ya sani, amma da zarar ya buɗe baki zai bayyana wa wanda bai san komai ba, dole ya faɗi kowane mataki, kuma a wajen faɗar ne yake jin inda maganarsa ta saɓa da abin da ya rubuta. Rashin fahimtarki ba cikas ba ne, shi ne ma yake sa ya fayyace. Taimako kike yi masa na gaske. Haka kuma idan kin yi masa magana yana tsakiyar aiki kika ga ransa ya ɗan sosu, ba ke ce matsalar ba. A lokacin yana riƙe da abubuwa da dama a kansa, wannan ya dogara da wancan, wancan yana jiran wani, kuma katsewar minti ɗaya tana iya rusa su har ya ɗauki dogon lokaci kafin ya sake haɗa su. Wannan ne asalin barkwancin da suke yi a kan yawan taro a ofis. Amma fa wannan bayani ne, ba lasisin ɗaure wa iyali fuska ba, kuma maganinsa shi ne ku yi yarjejeniya a kan sa'o'in da ba za a taɓa shi ba da sa'o'in da kwamfuta za ta kasance a rufe.

Ina ganin amfanin wannan raha ƙwarai, kuma ba na son a raina ta. Tana koyarwa, domin sabon shiga yakan riƙe maganar Juma'a kafin ya karanta kundin ƙa'idoji. Tana kuma cire wa mutum kaɗaici. Sana'a ce da kullum kwamfuta take gaya maka ka yi kuskure, kayan aikin suna sauyawa kafin ka gama ƙwarewa a kansu, kuma mutane da yawa suna ɗauke da tunanin cewa su kaɗai ne ba su iya ba, wata rana za a gano su. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Pauline Clance da Suzanne Imes, sun bayyana irin wannan ji tun 1978. Idan matashi ya ga wanda ya shekara ashirin a aikin yana dariyar cewa shi ma sai ya nemi abu mai sauƙi a intanet, nauyi yakan sauka daga ƙirjinsa. Sannan tsokanar da ke tsakanin masu rubutu da masu gwaji, ko tsakaninsu da manajoji, tana yin aikin da wasan Fulani da Barebari ko na Kanawa da Zagezagi yake yi a wurinmu: ana faɗar magana mai nauyi ba tare da an ɓata zumunci ba.

Akwai dai wani nau'in barkwancin da ba na so, kuma a nan ne nake son ki buɗe ido. Shi ne wanda yake mayar da cutar da kai abin alfahari: wane ya kwana biyu bai runtsa ba, wane ba ya rayuwa sai da kofi, wane bai san rabonsa da hutu ba. A wurare da yawa ana yabon wanda ya kwana yana kashe gobara, ba a ko lura da wanda ya yi aikinsa a tsanake har gobarar ba ta tashi ba, matasa kuma suna kallo suna koyon wanda ake yabo. Gajiyayyen mutum yakan ƙara kuskure, kuskuren ya jawo wani daren, haka abin yake ta zagayawa. A watan Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fayyace wannan hali na ƙonewa da aiki a cikin kundinta na rabe-raben cututtuka, ta ce yana tasowa ne daga matsin wurin aiki mai tsawo da ba a shawo kansa ba, ko da yake ba ta lissafa shi a matsayin cuta ba. Ta ambaci alamu uku: ƙarewar kuzari, nisantar aikin a zuci tare da yi masa kallon ƙyama, da raguwar iya aiki. Alama ta biyu ita ce take bayyana a cikin raha kafin ko'ina. Mai lafiya yana dariyar matsalar ne, da ya warware ta kuma za ki ga farin ciki a fuskarsa. Wanda ya fara ƙonewa kuwa dariyarsa takan yi ɗaci, ta koma zagin kwastomomi da raina abokan aiki da cewa duk aikin banza ne, kuma ko ya warware matsala ba ya jin komai. Ke da kike jin sautin dariyarsa kullum kin fi kowa damar gane lokacin da ya sauya.

Illar ba ta tsayawa a kan mutum ɗaya. A watan Maris 2024 wani injiniyan Microsoft, Andres Freund, ya lura cewa shiga wata na'ura yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba, ya bi diddigi har ya gano an dasa ɓoyayyiyar ƙofa, wato hanyar kutse a asirce, a cikin wata ƙaramar manhajar matse bayanai mai suna XZ, wadda ɗimbin kwamfutocin duniya suke dogara da ita. Mai kula da manhajar ɗan sa-kai ne da ya shekara da shekaru yana ɗauke da ita ba tare da albashi ba, ya kuma faɗa a fili cewa ƙarfinsa ya ragu. Aka yi ta matsa masa da ƙorafi, a gefe guda wani da ya ɓoye ainihin sunansa yana ta nuna taimako sama da shekara biyu har aka ba shi amana. Gajiyar mutum ɗaya ce ta zama ƙofar.

Mai wannan sana'a a ƙasarmu yana da ƙarin kaya a kan na kowa: ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, kuɗin man janareta da na data, da katsewar intanet irin wadda aka gani a watan Maris 2024 lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Idan kuma kamfanin nasa a yammacin Amurka yake, tazarar lokaci awa takwas ce ko tara, wato taron ƙarfe uku na yamma a can ƙarfe goma sha ɗaya na dare ne ko sha biyu a Kano. Wanda yake aiki daga gida kuma babu ƙofar ofis da zai rufe ya taho, sannan ga 'yan'uwa da maƙwabta da ke ganin tunda yana gida ai ba ya komai.

Shawarata ita ce ki zaɓi lokacin da yake cikin natsuwa, ba tsakiyar aiki ba, ki tambaye shi abubuwa kaɗan kai tsaye. Dare nawa aka tashe shi ko ya kwana a kan aiki a watan da ya wuce? Ana karɓa-karɓa ne wajen jiran kiran gaggawa, ko shi kaɗai ne kullum? Akwai wanda yake duba aikinsa kafin a sake shi, kuma idan abu ya ɓaci ana neman dalili ne ko ana neman wanda za a ɗora wa laifi? Yaushe rabonsa da hutun da ya kashe waya? Idan amsoshin sun nuna cewa matsin na 'yan kwanaki ne gab da miƙa aiki, sannan a huta, to wannan yana cikin sana'ar, ki bar shi ya yi dariyarsa, ki ma sa ya riƙa fassara miki. Idan kuwa kowane mako haka yake, matsalar tsarin wurin aikin ce, kuma yana da haƙƙin ya zauna da shugabansa ya nemi a raba jiran kira, a rage abin da za a gina ko a ɗaga wa'adi, yana mai kafa hujja da adadin dararen da ya rubuta. In an ƙi saurare, gara ya fara neman wani wuri tun yana da ƙarfin nema.

Jiki magayi ne, saboda haka ki lura da barcinsa, ko yana samu idan ya kwanta ko juyi yake ta yi, da cin abincinsa, da saurin fushi a kan abin da da ba ya damunsa, da janyewa daga jam'i da zumunci da wasa da yara, da yawan ciwon kai ko bugun zuciya. Idan irin waɗannan suka haɗu suka wuce mako biyu ba su sassauta ba, ko kika ji yana maganar cewa ba shi da amfani ko ya gaji da rayuwa, kada ki jira wa'adin aikin ya wuce, ki lallaɓa shi ku je wurin likita, ki kuma sanar da wani babba a danginsa wanda yake jin maganarsa.